Brady, Rice ko Jim Brown: me ya hana a daidaita kan gwanin gwanaye a ƙwallon Amurka?

A 1999 mujallar Sporting News ta fitar da jerin 'yan wasa ɗari da ta ce sun fi kowa a tarihin ƙwallon Amurka, ta sa Jim Brown a kan gaba. A 2010 tashar NFL Network ta tara masana ta yi nata jerin, sai Jerry Rice ya hau na ɗaya, Brown ya sauko na biyu, Tom Brady kuwa yana can na 21. Da kafar The Athletic ta sake lissafi a 2021, Brady ne a sama, Brown na bi masa, sannan Rice, sannan Lawrence Taylor. Brown dai rabonsa da fili tun kakar 1965, bai ƙara komai a kan abin da ya yi ba, amma matsayinsa sai motsi yake yi. Ita kanta hukumar gasar, NFL, da ta shiga kakarta ta ɗari a 2019, ta zaɓi mutum ɗari gurbi-gurbi, ta ƙi cewa ga na ɗaya ga na biyu.

Wanda ya saba da musun Messi da Ronaldo a gidan kallon ƙwallo zai ɗauka wannan ma irinsa ne. Ya fi shi wuyar warwarewa, kuma dalilin yana cikin tsarin wasan kansa.

Yadda wasan yake

Sunan ƙwallon ƙafa Amurkawa suke kiransa da shi, amma galibinsa da hannu ake yi. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, filin kuma yadi 100 ne, irin yadin da ake auna atamfa da shi, wato ƙasa da mita kaɗan. Kowane ɓangare mutum 11. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci yadi 10. In ta ci a sake ba ta wasu huɗu, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen filin abokan gaba ya ci maki 6, shi ne ake kira tacdawun. Ana iya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin ƙarafa biyu a sami maki 3.

An kafa gasar a garin Canton na jihar Ohio a 1920, yau ƙungiyoyi 32 ne a cikinta. Wasan ƙarshe na kowace kaka shi ne Super Bowl, wanda aka fara a Janairun 1967, kuma 'yan ƙungiyar da ta ci akan ba kowannensu zobe. Shi ya sa in ana musu za a ji ana tambayar zobe nawa wane yake da shi. Kalmar da ake yawan gani a kafafen sada zumunta kuwa, GOAT, harrufan farko ne na jimlar Turanci mai nufin wanda ya fi kowa a duk tarihi. Da yake harrufan sun haɗu sun ba da sunan akuya, hoton akuya ya zama alamar wanda aka ba wannan matsayi.

Sana'o'i daban-daban a fili ɗaya

A ƙwallon ƙafar da aka sani, ɗan baya da ɗan gaba duk suna taɓa ƙwallo, suna ba da ita, suna iya ci. A nan ba haka ba ne. Ƙungiya tana da 'yan wasa 53, kuma masu kai hari daban, masu tsaro daban, ba sa shiga fili tare. Akwai kwatabak, wanda ƙwallo ke fara zuwa hannunsa kusan a kowane tashi, shi ke karanta tsayuwar abokan gaba ya yanke shawarar inda zai jefa. Akwai mai gudu da ƙwallo, wanda ake miƙa wa ita ya kutsa cikin ƙatti. Akwai mai cafewa, wanda ke sheƙawa a guje a jefa masa. Sai 'yan katanga biyar da aikinsu kawai tare hanya, mutum yana iya yin shekara goma sha biyar a cikinsu bai ci maki ko ɗaya ba. Masu tsaro kuma su ke tare mai gudu, su hana cafewa, ko su kayar da kwatabak kafin ya jefa.

To in aka ce a jera Brady da Rice da Brown da Taylor, an haɗa mai jifa da mai cafewa da mai gudu da mai tsaro ne, kamar a ce tsakanin maƙeri da tela da magini wa ya fi iya aiki. Ana iya ba da amsa, amma sai an fara yarda da mudun da za a auna da shi. Mudu uku ne suka fi yawo a wannan musu: yawan nasarori da daɗewa, tazarar da mutum ya ba sauran masu gurbinsa, da kuma yadda ya tilasta wa wasan ya sauya.

Zamani ya sauya alƙaluma

Kafin a zo kan mutanen, akwai matsalar lissafi. Lokacin da Brown ya fara a 1957 wasa 12 ake yi a kaka. Ya koma 14 a 1961, 16 a 1978, sannan 17 a 2021. Ɗan wasan yau yana da wasa biyar ƙari a kowace shekara a kan na 1957, don haka duk wani tarihi na jimilla yana karkata ga na baya-bayan nan tun kafin a duba gwaninta.

Dokokin 1978 sun fi wannan tasiri. Kafin su, mai tsaro yana iya bangazar mai cafewa tun daga tashi har inda za a jefa ƙwallo. Sai aka taƙaita hakan ga yadi 5 na farko, aka kuma ƙyale 'yan katanga su miƙa hannuwa su tare da tafi. Daga baya aka yi ta ƙara dokokin kare kwatabak daga bugu a ka da kuma ƙasan gwiwa. Sakamakon a bayyane yake: a 1967 Joe Namath ya zama na farko da ya jefa fiye da yadi 4,000 a kaka, aka ɗauke shi abin al'ajabi. Dan Marino ya haye 5,000 a 1984, aka yi shekara 24 ba wanda ya sake kaiwa. A 2011 kuwa mutum uku suka haye a kaka guda.

'Yan wasan zamanin da suna da nasu abin da ake rage musu. Don Hutson na Green Bay ya cafe ƙwallo 74 a 1942 alhali wanda ke bi masa bai kai 30 ba, kuma tarihinsa na tacdawun 99 ya tsaya har 1989. Amma ya yi tashensa ne lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe 'yan wasa da yawa zuwa soja, kuma daga 1934 zuwa 1945 babu baƙar fata ko ɗaya a gasar, sai a 1946 Kenny Washington da Woody Strode suka shiga ƙungiyar Rams. Masu sukar 'yan da suna cewa ba su kara da dukan gwanayen zamaninsu ba. Masu kare su suna cewa su ma ba su sami abincin da horon da likitocin yau ba, wasunsu har sana'a suke yi idan kaka ta ƙare. Chuck Bednarik na Philadelphia, wanda a 1960 yake buga hari da tsaro duka, sayar da kankare yake yi a gefe.

Hujjar masu Brady

Ita ce mafi sauƙin faɗa. An zaɓe shi na 199 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2000, a zagaye na shida, ya yi kaka 23, ya je Super Bowl sau 10 ya ci 7. Ranar da ya ɗauki na bakwai, babu wata ƙungiya a gasar da ta tara fiye da 6. Ya bar fili da yadi 89,214 na jifa da tacdawun 649, duk ba wanda ya kai. Zobba huɗu na ƙarshe ya same su yana da shekara 37, 39, 41 da 43, wato bayan jerin 2010 da ya ajiye shi na 21. A Super Bowl na Fabrairun 2017 Atlanta tana gaba da 28 da 3, ya jagoranci ƙungiyarsa New England ta ci da 34 da 28. Da aka ce nasarar ta kocinsa Bill Belichick ce, sai ya koma Tampa Bay a 2020 ya ci kofi a kakarsa ta farko a can.

Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa gurbin kwatabak ya fi kowane gurbi tasiri a sakamako, don haka wanda ya fi kowa a wannan gurbi shi ne ya fi kowa gaba ɗaya. A wannan gaɓar ake rabuwa, domin in aka karɓi wannan ƙa'ida, mai cafewa da mai tsaro sun fita daga takara tun ba a fara ba.

Zobe na mutum ne ko na ƙungiya?

Wasanni biyu na Brady kansa sun isa misali. A Super Bowl ɗinsa na farko, Fabrairun 2002, yadi 145 kacal ya jefa, masu tsaronsa suka danne Rams, Adam Vinatieri ya buga ƙwallon ƙarshe da ƙafa aka ci 20 da 17. A Fabrairun 2018 ya jefa yadi 505, abin da ba a taɓa yi a wasan ƙarshe ba, Philadelphia ta doke su 41 da 33. Ranar da ya fi taka rawa ya koma ba zobe, ranar da bai yi wani abin a zo a gani ba ya samu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle a wasan da kwatabak yake zaune a benci duk lokacin da abokan gaba ke riƙe da ƙwallo.

A cikin kwatabak, Marino bai taɓa cin kofi ba, Trent Dilfer ya ci da Baltimore a kakar 2000 bisa ƙarfin masu tsaro, kuma ba mai sa Dilfer kusa da Marino. Peyton Manning ya zama gwarzon shekara sau 5, Brady sau 3, amma zoben Manning 2 ne. Joe Montana ya je wasan ƙarshe sau 4 ya ci duka, ya jefa tacdawun 11 ba tare da abokan gaba sun cafe masa ko ɗaya ba; magoya bayansa suna ganin rashin faɗuwa ya fi yawan zuwa, magoya bayan Brady suna cewa bai kamata a hukunta mutum don ya kai wasan ƙarshe ya faɗi ba alhali wani an fitar da shi tun a hanya. Sai kuma Otto Graham na Cleveland, wanda daga 1946 zuwa 1955 ya kai wasan ƙarshe a duk shekara goman da ya buga, ya ci 7. Huɗu daga ciki a wata gasa ce, AAFC, wadda ta rushe aka shigar da Cleveland cikin NFL a 1950, shi ya sa ba a cika ambatonsa tare da Brady ba.

Duk da haka hujjar zobe ba ta faɗi ƙasa warwas ba. Tun daga 1993 da 1994 da aka ba 'yan wasa 'yancin sauya ƙungiya aka kuma ƙayyade kuɗin albashin da kowace ƙungiya za ta kashe, riƙe gwanaye wuri ɗaya ya yi wuya. Abokan wasan Brady sun yi ta sauyawa shekara ashirin, nasarar ba ta tsaya ba.

Masu auna tazara: Rice da Brown

Jerry Rice ya fito daga ƙaramar jami'a, Mississippi Valley State, ya yi kaka 20 daga 1985 zuwa 2004. Ya cafe ƙwallo 1,549, yadi 22,895, ya ci tacdawun 208. Wanda ke bi masa a yadi, Larry Fitzgerald, ya tsaya a 17,492. Tazarar ta wuce yadi 5,400, wato kamar kaka huɗu masu kyau na gwanin mai cafewa. A 1987, shekarar yajin aikin 'yan wasa, ya cafe tacdawun 22 a wasa 12. Yana da shekara 40 ma ya haye yadi 1,200 da Oakland. Abin da ake rage masa shi ne ya yi sa'ar masu jefa masa, Montana sannan Steve Young, kuma mai cafewa komai iyawarsa sai an jefo masa.

Na Jim Brown gajeren labari ne mai nauyi. Kaka 9 ya yi, ya fi kowa gudu da ƙwallo a 8 daga ciki. Bai taɓa rasa wasa ba a cikin 118. Matsakaicinsa yadi 104.3 a kowane wasa, kuma har yau shi kaɗai ne ya gama da matsakaicin da ya haye 100. Ya ajiye wasa yana ɗan shekara 30, yana riƙe da kambun gwarzon shekara, ya koma harkar fim. A jimilla an wuce shi tuni: nasa 12,312 ne, Emmitt Smith ya kai 18,355. Amma Smith wasa 226 ya buga. Mai kallon jimilla zai ce Smith, mai kallon abin da mutum ke yi duk ranar da ya shiga fili zai ce Brown, kuma kusan duk manyan jeri sun bi na biyun a wannan gurbi. Wannan ya nuna cewa mudun daɗewa da ake ɗaga Brady da shi, ba shi ake amfani da shi ba idan an zo kan masu gudu.

Waɗanda alƙaluma ba su riƙe ba

Lawrence Taylor na New York Giants, 1981 zuwa 1993, shi ne wakilin mudu na uku. Saurinsa da ƙarfinsa daga gefen da kwatabak ba ya gani sun sa masu horarwa irin su Joe Gibbs na Washington sauya tsarin hari don a tare shi, kuma darajar ɗan katanga na ƙarshen hagu ta tashi a kasuwa saboda irinsa. A 1986 ya zama gwarzon shekara. Mai tsaro ɗaya ne ya riga shi samun wannan, Alan Page a 1971, wanda daga baya ya zama alƙali a Kotun Ƙolin jihar Minnesota. Bayan Taylor ba a sake ba.

Kyautar gwarzon shekara, wadda 'yan jarida 50 ke zaɓa, ita kanta ta karkata. Daga 2013 zuwa 2024 kwatabak ne ke ɗauka kowace shekara. Mai cafewa bai taɓa samu ba, har da Rice. Ɗan katanga ma haka, ko da kuwa Anthony Muñoz na Cincinnati ne, wanda ake yawan kira gwanin wannan gurbi. Kayar da kwatabak kuwa sai a 1982 aka fara rubuta shi a hukumance, don haka Deacon Jones, wanda ya yi tashe a shekarun 1960 kuma ake danganta sunan abin da shi, ba ya cikin kundin hukuma inda Bruce Smith ke da 200, Reggie White 198.

Akwai kuma waɗanda aka rufe wa ƙofa. Warren Moon, baƙar fata, ba ƙungiyar da ta zaɓe shi a 1978, lokacin da ake ganin gurbin kwatabak ba na baƙaƙe ba ne. Ya tafi Kanada, inda ake buga wasan da mutum 12 da dama uku, ya ci kofi biyar a jere da Edmonton, sai a 1984 ya shigo NFL ya jefa fiye da yadi 49,000. Shekara shidan farko na ƙuruciyarsa ba sa shiga lissafin masu jeri.

Halin mutum yana shiga?

Zauren karrama gwanaye da ke Canton yana duba abin da aka yi a fili ne kawai. O.J. Simpson, mai gudu da ƙwallo na farko da ya haye yadi 2,000 a kaka, a wasa 14 na 1973, ba a cire shi ba ko bayan shari'ar kisa da aka wanke shi a 1995 da ɗaurin da aka yi masa a 2008 kan fashi. An dakatar da Taylor a 1988 kan ƙwaya. Na Brady ya shafi wasan kai tsaye: an ci tarar New England a 2007 kan ɗaukar bidiyon alamun masu horar da abokan gaba, shi kuma an dakatar da shi wasa 4 a 2016 kan zargin rage iskar ƙwallaye, zargin da ya musanta. Masu jeri kaɗan ne ke rage masa matsayi saboda haka, amma masu adawa da shi ba su daina kawo maganar ba.

Inda musun ke taɓa mutane

Mudun da aka fifita yana bin kuɗi, kuɗi kuma suna binsa. A 2023, ƙungiyar da ke son riƙe kwatabak ɗinta na shekara guda bisa ƙa'idar gasar sai ta biya dala miliyan 32 da ɗoriya, mai gudu da ƙwallo kuwa miliyan 10 da kaɗan. A 2024 Dak Prescott na Dallas ya sa hannu kan dala miliyan 60 a shekara. Gurbin da ya fitar da Brown da Walter Payton da Barry Sanders ya zama wanda ake sallamar mai shi da wuri a ɗauko matashi mai araha, kuma yaran makarantun sakandare da iyayensu suna ganin haka lokacin zaɓen gurbi.

Yabon daɗewa da juriya ma yana da farashi a jiki. Mike Webster, ɗan katangar Pittsburgh mai zobe 4, wanda ke cikin mutum ɗarin 2019, ya rasu a 2002 yana da shekara 50 bayan ya sha fama da ruɗewar tunani. Likita Bennet Omalu, haifaffen Najeriya, shi ya binciki ƙwaƙwalwarsa ya gano cutar CTE, wadda yawan bugu a ka ke haifarwa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston sun same ta a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL, ko da yake iyalan da suka ba da su galibi sun riga sun ga alamun ciwo. Sanders ya bar wasa a 1999 yana dab da karya tarihin Payton na yawan yadin gudu, mai cafewa Calvin Johnson ya bari yana ɗan 30, kwatabak Andrew Luck yana ɗan 29. Jerin da ke ba jimilla fifiko yana saukar da duk wanda ya zaɓi ya fita da lafiyarsa.

Ga mai kallo kuwa, gani ya kori ji. Wasannin Hutson da Graham kaɗan ne aka ɗauka a fim, na Brown da yawa baƙi da fari ne, na Brady kuwa kowane jifa yana intanet daga kusurwa da yawa, kuma masu jefa ƙuri'a da suka ga Brown da idonsu suna ta raguwa. Shi kansa ya rasu a Mayun 2023.

Mahomes

Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Kansas City, haifaffen 1995, ya ci zobe 3 kafin ya kai shekara 30, a 2020, 2023 da 2024, da kyautar gwarzon shekara 2. Ya faɗi a wasan ƙarshe sau biyu, ɗaya a hannun Brady da 31 da 9 a 2021, ɗaya a hannun Philadelphia da 40 da 22 a 2025. Masu auna iyawa a fili sun riga sun fara sa shi a gaban Brady. Masu ƙirga zobe suna cewa saura huɗu kafin ya kamo, kuma duk sau biyun da suka haɗu a wasan fitar da gwani Brady ne ya yi nasara. Yana buga kaka mai wasa 17, don haka alƙalumansa na jimilla za su taru da sauri fiye da na Brady in ya daɗe. Shi kuwa Brady, da ya yi ritaya a Fabrairun 2023, sai a 2028 zai cika shekara biyar ɗin da doka ta gindaya kafin a shigar da mutum zauren Canton.